Reshen Rumman da Na Sato Daga Gidan Asiya

A ƙauyenmu, nan gabas da Ɗambatta, mata ba sa sayen shuka. Idan kina son zogale ko lalle ko ɗoɗɗoya, sai ki je gidan da ake da shi a yanko miki, ke ma ki ba da wani abu daga naki, ko da ƙwayar kabewa uku ce. Iyayenmu sun ce abin da aka karɓa hannu rabbana ba ya kamawa. Kuma shuka da sunan gidan da aka yanko ta take tafiya. Lallen da ya shekara goma a bakin rijiyata, ni na ba shi ruwa, ni na kare shi daga awaki, amma har ya bushe lallen Ramlat ake ce masa, don daga gidanta na samo shi.

Sunana Hure. Mijina Mati manomi ne. 'Ya'yana biyar, ta farin ita ce Tahira, ita ce kuma ta rasu.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Haka uwata ta yi wa yayana, ni ma haka na yi. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Idan ta shigo ɗaki da labari a bakinta, sai na sami abin yi a tsakar gida. Ba ƙinta nake yi ba. Kunya ce, kowa ya sani, har yabona ake yi a kai.

Ita ce ta kawo rumman gidanmu. Ta yi shekara biyu tana karatun aikin gona a Ɗambatta, wata rana ta dawo da sanduna biyu a cikin jiƙaƙƙen buhu, ta ce daga gidan wata malamarsu ta samo, mai zaƙi ne, ƙwayarsa ja. Ta dasa ɗaya a kusa da inda ubanta yake alwala. Ɗayan ta riƙe a hannu ta tsaya a bayana ina tankaɗe.

"Inna, zan kai wa Gwaggo Asiya wannan. Ko za ki zo mu je tare ki ga inda zan sa shi?"

A ranar uwar Mati tana zaune a tsakar gida. Ban ɗago kai ba. Na ce, "Wa ya riƙe ki?" Ta tafi ita kaɗai.

Asiya ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa. Shekara ɗaya aka yi mana aure, gida shida ne tsakaninmu. Ita maza ta haifa duka, don haka yarinyar nan ta zama kamar tata. Can take zuwa kitso, can take kai kuka idan an yi mata faɗa. A lokacin daɗi nake ji, ina cewa ta sami inda za ta sake.

Rumman ɗinmu ya kai kafaɗata, ya yi huda sau ɗaya bai riƙe ba. Da kaka, ana yankan gero, zazzaɓi ya kama yarinyar nan. Kwana biyar ta yi. Ranar da aka kai ta, Asiya ta faɗi a tsakar gidana tana kiran sunanta da ƙarfi, mata suka rufu a kanta suna ba ta haƙuri, ana yi mata fifita. Ni ina zaune a bakin ƙofa idona a bushe, ana cewa, "Kai, Hure akwai dauriya." Ruwan da aka ɗebo don ni, Asiya aka ba.

Daga nan na daina kallon wajen shukokin. Mati ya koma yin alwala a masallaci. Bazara ta zo da zafi, rijiyarmu ta ja baya, akuya ta sami kafa a danga, gara ta ƙarasa sauran. Ranar da na je na taɓa rumman ɗin, sai ya karye a hannuna kamar kara. Na tsaya da guntun a hannu na rasa inda zan ajiye shi. Abu ɗaya da ta dasa da hannunta a gidan ubanta, na bar shi ya mutu. Tun daga ranar ba abin da nake so a duniya kamar in ga rumman ɗinta ya sake tsayawa a gidan nan, kuma a kira shi da sunanta.

Da aka yi ruwa na biyu, Asiya ta aiko a gaya mini mata za su taru a gidanta bayan azahar, kowa ta zo da abin da take da shi a yi musaya. Kowace shekara ana yi, lokacin ne reshe yake kamawa. Na ce ba ni da lafiya. Ta sake aikowa: idan ban zo ba za ta zo ta ɗauke ni a baro. Na saka hijabi na tafi. Ba ni da ko ganye ɗaya da zan kai. Amma na ɗauki sabuwar reza na ƙulle a bakin zane, ban tsaya tambayar kaina dalili ba.

Na fi shekara biyu ban shiga bayan gidan Asiya ba. Da na zagaya sai da na tsaya. Rijiyarsu ba ta ƙafewa, mijinta kuma ya ja mata 'yar hanyar ruwa daga bakin rijiyar har ƙarshen danga. Gwanda uku duk da 'ya'ya. Na'a-na'a ta cika wani tsohon baho har tana zubowa. Zogalenta an sare masa kai ya yi tohon da hannu biyu ba zai kama ba. Ƙasar ma baƙa ce, tana ƙamshi. Ni kuwa tsakar gidana kamar an share don shanya.

A tsakiya ga rumman. Ya fi ni tsawo nesa, ya buɗe kamar laima, jar huda ta rufe shi, har da ƙananan 'ya'ya sun fara ɗaurawa. Na ce a raina, ga shi nan. Nawa ya mutu, nata ya zama wannan.

Mata wajen goma suna zaune a tabarma, kowa da ƙullinta a gaba. Ramlat, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ta fara ganina.

"A'a, Hure! Ashe kina gari? Me kika kawo mana, ko kallo kika zo?"

"Kallo na zo."

"To kallo ma sai an biya. Ki kawo ko tsinken tsintsiya ne mu dasa."

Aka yi dariya. Asiya ta taso ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta ce, "Ramlat, ki bar mini ƙawa ta huta. Ke da kika kawo yakuwar da ko akuya ta ƙi."

"Akuyarku ce 'yar gayu. Ni dai rumman Asiya na zo karɓa, bara na dasa ya ƙi."

"Kin dasa shi kai a ƙasa, ya za a yi ya kama?"

"Sharri! Hannunki ne bai sake ba da kika ba ni."

Wata daga Zakirai da ta zo ganin 'yarta ta ce ita ma a yanko mata, ta ji labarin rumman Asiya tun daga can. Rumman Asiya. Na ƙirga a zaune, sau bakwai aka faɗa. Asiya tana murmushi tana yanka da wuƙa a karkace, tana miƙawa, tana karɓar irin rama da saiwar lemun tsami. Ko sau ɗaya ba ta ce musu, wannan fa Tahira ce ta kawo shi ba. Na dube ta da sabon zanenta da hannunta mai lalle. Ta sami hirar yarinyar, ta sami kukanta, ga shi ta sami itacen, har da sunan.

Ta juyo ta ce, "Hure, me zan yanko miki? Ki zaɓa, kin san ba sai kin kawo komai yau ba."

Da na buɗe baki na ce rumman, da shi ke nan. A gaban mata goma za ta miƙo mini, in kai gida, ya girma a inda ya fara tsayawa, kowa ya shigo ya ce, a'a, rumman Asiya ya kama a gidan Hure. Na ce, "Ba na son komai. Ba ni da ruwan ba shi."

Ta dube ni, ta ci gaba da yanka.

Da aka kira la'asar mata suka tashi suka shiga tsakar gida yin alwala. Na ce ina zuwa, ƙafata ta yi sanyi. Da na ga ba kowa, na kwance rezar na je gindin itacen ta wajen danga. Reza ba ta yanka itace da kyau, sai da na murɗa na ja, ɓawon ya tsage ya biyo reshen. Na tura shi cikin hijabi, ƙayarsa tana sukar cikina. Da shi na yi sallah a jikina, Allah Ya yafe mini. Ban tsaya cin ɗanwaken da Asiya ta dafa ba.

Na dasa shi a ramin na da. Na kewaye shi da ƙaya, na ɗaure akuyar. Mati ya gani ya ce, "Daga ina?" Na ce, "Tsohon ne ya yi toho daga saiwa." Ya dube shi, ya dube ni, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Amma washegari a nan ya yi alwala.

Ya kama. Kwana goma sha biyu sai ga jan toho ƙanana kamar kunnen ɓera. Idan gida ya yi shiru da hantsi, sai na ɗauki kujera na zauna a gabansa ina tsince wake. A nan na fara yi masa magana. Na gaya masa ranar da aka haife ta ruwa ake yi. Na gaya masa ranar da ta ci jarrabawa na shiga ɗaki na yi rawa ni kaɗai, na fito da fuska a ɗaure. Na gaya masa na ji lokacin da ta ce in zo mu je tare. Abin da ban faɗa mata ba shekara ashirin da biyu, na faɗa wa sandar nan cikin wata ɗaya. Asiya kuwa ko a hanya na hango ta sai na canza lungu.

Ranar wata Laraba da safe ta yi sallama. Tana riƙe da jiƙaƙƙen buhu a naɗe. Ban sami damar rufe shukar ba. Muka gaisa, na shimfiɗa mata tabarma nesa da wurin, ta ja ta da ƙafa ta kawo dab da shi ta zauna.

"Ya kama," in ji ta.

"Tsohon ne ya yi toho."

"Hure."

"Na ce tsohon ne."

"Hure, kin tsage mini ɓawo kamu ɗaya. Sai da na shafa masa taɓo na ɗaure da tsumma. Mata goma suka zo gidana, tara na ba su da hannuna. Ko aljani ne ya zo da reza?"

Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama faɗa. Na ce, "To na ɗauka. Kayan wa na ɗauka? Ke kika kawo shi garin nan? Kina zaune ana rumman Asiya, rumman Asiya, bakinki har kunne. Ko sau ɗaya kin ce musu na yarinyar nan ne? Nawa ya mutu kin ji daɗi, saura naki kaɗai, har daga Zakirai ana zuwa gani!"

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta bari na gama. Sannan ta ce, a hankali, "Wannan ba na Tahira ba ne."

Na ce, "Me?"

"Babban nan daga gidan yayana Dabo na samo shi, tun kafin ta kawo nata. Mai tsami ne. Ɓawonsa ake nema don ciwon ciki, 'ya'yan ko yara ba sa sha sai da runtse ido. Na Tahira yana bayan ɗakina, ta wajen taga. Bai wuce ƙuguna ba, inuwa ta yi masa yawa. Na ce mata a sa shi a rana, ta ce a'a, nan take so, don nan take zama. Ban taɓa bari wata ta sa masa wuƙa ba. Ramlat ta roƙe ni sau uku."

Na dubi shukar da ke gabana, da ganyenta shida da na sani ɗaya bayan ɗaya. Wata guda ina zuba wa itacen Dabo maganar cikina.

"Kin wuce ta gabansa ranar," in ji Asiya. "Har hijabinki ya taɓa shi. Na ɗauka za ki gane."

"Ta ina zan gane? An nuna mini?"

"Ta ce ta kira ki."

Wannan ma ta sani. Na juya mata baya. Ina jin ta tana kwance buhun.

"Me ya sa ba ki zo kin faɗa mini tun washegari ba?" na tambaye ta.

"Haushi nake ji. Shekara arba'in muna tare, ki shigo gidana da reza. Na ce bari in bar ki ki yi ta ba mai tsami ruwa har ya haihu, ki ɓare, ki ji." Ta yi 'yar dariya. "Sai na kasa. Jiya na zauna a wajen tagar na tuna Tahira tana cewa, Gwaggo, idan ya yi 'ya'ya na farko Inna za a kai wa, tana son abu mai zaƙi, sai dai ba za ta faɗa ba. Na ce to, kafin damina ta yi nisa."

Tahira ta ce, Tahira tana cewa. Sunan yana fita daga bakinta ba wahala, kamar tana kiran ɗiyar da ta aika kasuwa. Kowane kira sai na ji shi a haƙarƙarina. Yarinyar ta san ina son zaƙi, kuma Asiya ta gaya wa.

Rassa uku ne a buhun, kowane kamar kaurin yatsa, an yanke gindinsu a karkace da kyau. Na kai hannu, ta janye.

"A'a. Kin san ba a yi. Kin ga na sata ma ya kama, amma wannan ba zan yi wasa da shi ba. Ki ba ni wani abu."

"Kin ce ba sai na kawo komai ba."

"Ranar na faɗa. Yau na fasa."

"Dubi gidan. Me kika gani? In ba ki ƙaya?"

"Akwai irin kuɓewa a kwalba, cikin toka, a ƙarƙashin gadonta. Doguwa, mai jan gindi. Ta ce ta ajiye don damina."

Ban san da ita ba. Ɗakina ne, gadon yana nan inda yake, kullum ina share gefensa, amma sai da matar wani gida ta zo ta gaya mini abin da ke ƙarƙashi. Na shiga na durƙusa. Tana can kuwa a lungu, bayan akwatinta, kwalbar magani ce an toshe bakin da tsumma. Na zazzage a tafin hannu na hure tokar. Ƙwayoyi ne masu yawa, wasu manya masu sheƙi, wasu ƙanana. Na san duk wadda ta faɗa baƙar ƙasar Asiya sai ta fi mutum tsawo, a zo daga Zakirai ana tambayar kuɓewar Asiya. Na daɗe a durƙushe. Sannan na tsince guda bakwai, na mayar da sauran, na tura kwalbar cikin akwatina na kulle.

Na zuba mata a hannu. Ta kai kusa da ido ta jujjuya su da yatsa.

"Hure, ƙananan kika zaɓo mini."

"Su na gani."

"Har da mai rami. Wannan ƙwaro ya riga ni."

"Idan ba kya so ki kawo."

Ta ƙulle su a bakin mayafi ta miƙo mini buhun. Ta ce in sa su a rana, kar in cika ruwa, in cire ganyen ƙasa. Na ce na sani. Ta ce idan mutane suka tambaya, ita ba ta ba ni komai ba, in faɗi sunan da na ga dama. Ban yi mata godiya ba, ban kuma raka ta ƙofa ba. Sai da ta fita na zauna a ƙasa da rassan a cinyata na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ta.

Da Mati ya dawo daga gona ya tarar na haƙa sababbin ramuka uku. Na gaya masa gaskiya duka. Ya tambaya ko ya tumɓuke mai tsamin. Na ce ya bar shi, ya riga ya ji abin da ya ji.

Cikin ukun biyu sun kama. Yanzu sun kai gwiwata. Ramlat ta shigo aron turmi ta gan su, ta ce daga ina, Mati yana alwala ya amsa mata kafin in buɗe baki, ya ce na Tahira ne. Da sunanta ake kiransu.

Kuɓewata na shuka manyan, ta fito daidai gwargwado. Ta Asiya, an ce duka bakwai ɗin sun fito, har mai ramin, kuma sun wuce danga. Ta aiko sau biyu in zo in gani. Ban je ba tukuna.